Takalmin da Aka Yi Sadaka da Shi

Tsakiyar damina ce, lokacin marka, irin wadda za a wuni ana yayyafi a wayi gari ana yi, shanya ta gaji da zama a kan igiya ba ta bushe ba. Shekarar kuwa da nauyi ta zo. Komai ya yi tsada, fara'a ta yi ƙaranci, in ka shiga mota daga Karshi zuwa cikin garin Abuja ba ka jin hira sai tsaki. A cikin wannan ruwa ne Allah ya karɓi ran Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Daga gare shi muke, gare shi za mu koma.

Ban san yawan mutanenta ba sai ranar. Tsakar gida duk ta zama caɓi, amma haka aka yi ta shigowa. 'Yan acaɓa suka zo a ayari, suka jera babura a ƙofar gida, kusan kowannensu da jaket ɗin da ya saya a rumfarta. Wani mai gadi ya taho kai tsaye daga wurin aiki, ya durƙusa gaban Baffa, ƙanen Gwaggo, wanda shi kaɗai ya rage mana a iyaye maza. Ya ce da guntuwar Hausarsa, "Baba, wannan mama, shi ne ya hana sanyi ya kashe ni a Abuja." Baffa ya dafa masa kafaɗa.

Can sai ga ƙawarta ta ƙuruciya daga garin Uke, tsohuwa 'yar coci, tana dogara laima. Aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi, ta zauna a dokin ƙofar ɗaki. Ta ce, "Ku bar ni a nan. Nan nake zama in na zo, ita tana ciki tana zagina." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, matan da suka daure tun safe suka taya ta.

Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani nata, da ɗan karatun da na samu a ajin manya, kada jikoki su tashi su ji suna kawai.

Gwaggo 'yar gwanjo ce, amma ba kowane gwanjo ba. Kayan sanyi kaɗai take sayarwa, su suwaita da kwat da hular ulu da safar hannu. Da ta fara, 'yan kasuwa suka ce matar nan ba lafiya, wa zai sayi kwat a garin da rana take gasa mutum? Ita kuwa cewa take, "Zafi yana sallama kafin ya shigo. Sanyi ɓarawo ne." Kuma ta samu masu saye: mai gadi, ɗan acaɓa, mai jego, ɗalibin da zai tafi ƙasar waje. In mai saye ya tambaye ta ko rigar tana da ɗumi, sai ta harare shi. "Riga ba ta da wuta, ɗana. Wutar tana jikinka. Ita riga mai gadi ce kawai, ka duba ko tana barci."

Ranar fasa dila, wato babban ɗaurin gwanjo, ba ta son surutu. Kowace riga sai ta juya cikinta waje ta bi ɗinkin da yatsa, ta kai zif kusa da kunne ta ja sama ta ja ƙasa, kamar mai sauraron gulma. Sai ta laluba aljihu. Wani lokaci ta ciro alewar da ta narke, wani lokaci safar jariri ƙwaya ɗaya, ta ɗaga ta ce, "Allah sarki, uwar wannan tana can tana nema."

Alherinta da faɗa yake zuwa. In ta hangi goyo ba hula ana iska, za ta bar ciniki ta bi uwar, ta ƙwaƙuba wa yaron hula, sannan ta wanke uwar tas. "Ke da ɗankwali har biyu, shi kansa a waje kamar ƙwarya!" Kafin matar ta ce na gode ta juya. Ni ma haka ta raine ni. Ban taɓa jin ta ce tana sona ba, amma ban taɓa kwana ba mayafi ba.

'Yata ta fari sunan Gwaggo ta ci, don haka sunan ya haramta a bakina ta hanya biyu. Gwaggo tana kiranta Takwara, mu ma muka bi. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a cikin gari. Duk Asabar ita da abokanta suna hawan duwatsun da suka kewaye Abuja, mun ɗauka motsa jiki ne kawai. Sai ga shi wata rana ta zo gidan Gwaggo muna zaune, ta ce ƙungiyarsu ta mata za ta je Tanzaniya hawan dutsen Kilimanjaro, kuma tana ciki. Ta ce ƙanƙara ce a samansa, iska kuma ba ta da yawa, mai ƙarfi ma takun tsohuwa yake yi.

Baffa ya ce, "Me aka ajiye miki a can? Mutum da hankalinsa ya bar ƙasa shimfiɗe ya tafi neman inda numfashi ba ya isa?"

Mahaifinta ya ce shi duk abin da manya suka yanke. Ni kuwa tsoro ya kama ni.

Gwaggo ta ajiye goron da take ɓarewa. "Ke Takwara, wannan dutsen naku na kilishi da manja, sanyinsa ya kai na Jos?"

"Gwaggo, Kilimanjaro. Jos ai wasan yara ne. Ruwa a gora daskarewa yake."

Wallahi sai na ga idon tsohuwar nan ya yi haske. Ta ce, "Ashe dai akwai inda ake bukatar kayana da gaske." Ta juya wajen ƙanenta. "Kai kuma, da ka hau tsani gyaran kwano ka kasa saukowa sai da aka kira maƙwabta, kai ne za ka yi mana fatawar dutse?"

Baffa ya kaɗe riga ya fita. Ya daɗe bai taka gidan ba, ita kuma ba ta aika ba. In an yi tuwon dawa miyar kuka dai, tana zuba nasa a kai masa, ba saƙo.

Daga nan ta ɗauki shirin tafiyar ta ɗora a kanta. Takwara ta yi mata bayani cewa riga hawa-hawa ake sawa: ta jikin fata mai tsotse gumi, ta tsakiya mai laushi, ta waje mai tare iska da ruwa, sannan wata babba da aka cusa wa gashin agwagwa, ta ranar da za a kai ƙololuwa. Ga safa mai kauri, ga safar hannu ciki da waje, ga buhun barci da mutum yake shiga ya zuge. Gwaggo ta baza magana wajen abokan sana'arta, duk wanda ya fasa dila ya ga irin wannan ya ajiye mata. Wata da watanni tana tarawa. Fitilar goshi da sandunan dogarawa ne kawai Takwara ta sayo da kanta.

Sun yi faɗa sau ɗaya, a kan auduga. Gwaggo ta tanadi wata shimi da dogon wando na auduga mai kauri, tana ta yabon su. Takwara ta ce, "Gwaggo, ban da auduga. In ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta zame wa mutum ƙanƙara a jiki."

"Audugar da aka naɗe ki a ciki ranar da kika zo duniya? Wadda za a naɗe ni a ciki ranar da zan bar ta? Yau ita ce abin gudu?"

Ta yi fushi na gaske, ta daina amsa gaisuwarta. Ashe abin yana cinta. Na je gidan na tarar ta tsoma riguna biyu a bokiti, ta audugar da irin wadda Takwara take so, ta shanya su gefe da gefe, ta jawo kujera ta zauna tana gadi. Ɗayar ta bushe, ta audugar tana ta ɗiga. Ba ta ce ta yi kuskure ba, Gwaggo ba ta san wannan kalmar ba. Dambun nama ta yi ta aika wa Takwara, wai na hanya, alhali tafiyar da saura.

Da kayan suka haɗu sai ta ce, "Ni ban taɓa sayar da abin da ban gwada ba." Ta kwashe mu sai kasuwar kifi ta Kado, wajen wani mai ɗakin ƙanƙara da take sayar wa ma'aikatansa kwat. Ya saurare ta, ya riƙe baki, ya amsa da guntuwar Hausarsa.

"Mama, kana so ka sa yarinya cikin firij? In ya mutu fa?"

"In ta mutu, oga, ka haɗa ta da kifin taitus ka sayar. Buɗe mana."

Takwara ta sa kayan nan kaf, ta koma kamar buhun gawayi mai ƙafa, masu kifi suna ta shewa. Ta shiga ta kwanta cikin buhun barci a kan kwalaye. Gwaggo ta zura kwat ta bi ta, ina jiyo muryarta ta ƙofa: "Ta ina yake shiga? Faɗa mini gaskiya, ta ina ɓarawon yake shiga?" Takwara ta ce ta wuyan hannu. "To na kama shi." Ni ina waje, hannu a ƙirji, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da suka fito Gwaggo haƙoranta suna kaɗawa, ta ce, "Taɓa 'yarki." Na kama hannunta. Ɗumi, kamar wadda ta tashi daga bakin murhu. Tun daga ranar tsorona ya fara raguwa, ko da yake ban faɗa wa kowa ba.

Sai takalmi. A wata dila ta same shi, na fata, mai tsawo har idon sawu, ƙasansa kamar tayar mota, mai shi na farko bai ko taka ƙasa da shi sosai ba. Ya ɗan fi ƙafar Takwara, daidai yadda safa mai kauri za ta shiga. Amma tauri kamar itace. Takwara kuwa farin takalmi take sawa a wurin aiki, Asabar kaɗai take samun sa shi. Gwaggo ta ce, "Sabon takalmi doki ne, sai an hore shi. Kawo."

"Gwaggo, ƙafata ya kamata ya saba da ita."

"Ƙafarki ƙafata ce, a gidanmu kika ɗauko."

Haka ta riƙa ɗaura zani ta zura wannan takalmi ta tafi kasuwa, ƙwas, ƙwas, ranar Asabar ta miƙa wa mai shi. 'Yan kasuwa suka sa mata Soja. In sun kira sai ta ƙame ta sara musu. Duk Karshi ba wanda bai gan ta da shi ba.

Ciwon nata bai ja ba. Zazzaɓi ne, aka kai ta asibiti, aka dawo da ita, ta ce ta ji sauƙi, har ta nemi allura da roba za ta ƙarasa wuyan hannun rigar. Kayan duka suna ɗakinta cikin babbar jaka a ƙarƙashin gado. A haka ta cika.

Ranar sadakar uku, Yaya, wato 'yar Gwaggo ta cikinta, ta nemi yardar magada a raba suturar mamaciyar ga mabukata, kamar yadda aka saba. Ina bayan gida wajen tukwane, Takwara kuma ta koma aiki da safe. Da la'asar ta dawo, ta gaisa da mutane, ta shiga ɗaki ta leƙa ƙarƙashin gado. Wayam.

Yaya ta ce, "Ai na rabar. Ba nata ba ne? Kowa ya san takalmin Soja. Sauran kuma na ɗauka kayan sanyinta ne."

Takwara ta miƙe daga gindin gadon. Can ta ce, "Ba komai, Inna," ta fita bayan ɗaki. Na bi ta. Ba kuka take ba, bango kawai take kallo. Tafiyar saura 'yan makonni. Ta ce riga da buhun barci ana iya samun haya a can, amma takalmi ba a haya, in ta sa wanda ƙafarta ba ta sani ba zai sale ta tun a rabin hanya a juyo da ita. "Shi ke nan, Umma. Allah bai yi ba."

Da na dawo tsakar gida magana ta riga ta bazu. Baffa yana cewa, "Kun ga ishara ko? Kuma abin da aka bayar sadaka don mamaci ba a bin sa a karɓo. So ake a kwance mata lada?" Yaya tana gefe tana share hawaye.

Ni ba mai magana ba ce a taro, dangi sun sani. Amma na je na durƙusa gabansa. Na ce, "Baffa, a gafarce ni, ina da magana."

Ya dube ni kamar bango ne ya yi tari. "Ina ji."

"Sadaka da abin mutum ake yin ta. Kayan nan Gwaggo ta bayar da su tun tana da rai, a gabana. Ba za mu taɓa ladarta ba. Rumfarta cike take. In Yaya ta yarda, duk wanda na karɓi abu a hannunsa zan ba shi wanda ya fi yi masa amfani."

"In yarinyar ta faɗo fa?"

"Wanda yake tsaronta a ƙasa shi ne a sama, Baffa."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Na ɗauka mun binne ta, ashe ta bar wakiliya." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yaya ta kwance makullin rumfa daga bakin zaninta ta sa mini a hannu, ta faɗa mini wanda ta ba kowane abu.

Na yi ta bi gida gida da ƙunshin kaya a ka. Na ɗauka zan sha kunya, ashe ba haka ba. Ɗan acaɓan da ya samu rigar gashin agwagwa yana ganina ya ce, "Hajiya, gara da kika zo, rigar nan dafa ni take kamar dankali." Na ba shi rigar ruwa, ya yi ta godiya. Buhun barci yana wajen wata manomiya a bayan gari, yaranta suna ta faɗa a kan wanda zai shiga, na ba ta barguna biyu aka huta. Sandunan ne na tarar a hannun wani dattijo mai ciwon gwiwa, yana takawa da su zuwa masallaci, fuskarsa fal murna. Na gaishe shi na wuce. Waɗannan kam sun isa inda za su.

Takalmin yana Uke, wajen ƙawar Gwaggo. Na same shi a kan kabad ɗinta, an goge shi, an shimfiɗa masa ƙyalle. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni, na ajiye mata kwat mafi kyau a rumfar.

Ta ture shi da ƙafa. "Ɗauke. Ni sanyi nake ji aka ce miki? Ban sa shi ba, ba kuma zan sa ba. Kallo nake. Zuwanta na ƙarshe da shi ta zo, tana ƙwas ƙwas, jikokina suna binta. Yanzu shi ma za ku ɗauke?"

Na ce, "Mama, ba zan ɗauka ba sai kin ba ni."

Na zauna. Ta kawo gyaɗa muka ɓare, ruwa ya sauko ya ɗauke. Ban sake tayar da maganar ba. Can sai ta nuna tudun da ke bayan gari da haɓa.

"Kin ga wancan? Nan muke zuwa itace muna 'yan mata. Kowa ya tsaya inda itace yake, ita sai ta wuce, sai ta kai can sama. Ta dawo a makare da 'yan ƙirare, a zane ta, gobe ta sake. Na ce ke me kike nema a can? Ta ce so nake in ga inda hanyar nan ta tafi." Ta juyo gare ni. "Yarinyar, sunanta ta ci ko?"

"Sunanta ne, Mama."

Ta miƙe da ƙyar, ta sauko da takalmin, ta rungume shi a ƙirji kafin ta miƙo. "Aro na ba ta, ki faɗa mata. In ta sauko ta kawo mini da ƙafarta, kuma kada ta wanke. Ina so in ga ƙasar wurin. Ubangiji ya kai ta, ya dawo da ita."

Na ce amin.

Wannan ita ce Gwaggo, gwargwadon abin da hannuna ya iya. Allah ya yafe mata, ya yalwata makwancinta, ya lulluɓe ta da rahama kamar yadda ta lulluɓe bayinsa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau.

Washegarin dawowata daga Uke, da gari ya waye ana ɗan yayyafi, na ajiye takalmin a ƙofar ɗakin Takwara, na ƙwanƙwasa. Ta fito ta gan shi, ta dube ni, na kawar da kai. Na ce, "Sa mu je." Ta goya jakarta, na ɗauki laima, na raka ta har gindin dutsen da ke bayan unguwarmu, inda take gwajin hawa.

Ta ce, "Umma, kin yarda ke nan?"

Na ce, "Igiyar ta hagu ta kwance. Ɗaure."

Ta sunkuya ta ɗaure, ta kama hanya. Na nemi dutse mai faɗi na zauna, na buɗe laima, ina kallonta tana ƙanƙancewa a cikin bishiyoyi. Ban kira ta ba.